Diyafo 46 a minti 15, ku ba ni shawara kafin Laraba

ʼYar Marwa:
Salamu alaikum ʼyan uwa, dan Allah waɗanda suka riga mu shiga wannan harkar ku ba ni shawara kaina ya ɗaure. Ranar Laraba mai zuwa zan gabatar da aikina a taron ɗalibai masu bincike, minti 15 aka ba kowa sai minti 5 na tambayoyi. Aikin a kan masakwa ne, dawar rani da ake dasawa bayan damina, yadda lokacin dashe yake shafar amfanin da ake samu a karal, wato baƙar ƙasa mai riƙe ruwa, tun watan 8 da aka zuba iri nake zirga-zirga tsakanin gari da gonaki har aka yanke a watan 2. Yanzu na zauna na haɗa diyafo, wato shafukan da ake haskawa a bango, a PowerPoint sai ga su sun kai 46, jiya da dare na gwada da agogo a gabana, minti 15 ta cika ina kan na 19 ko sakamakon ban taɓa ba. Kuma wallahi duk wanda na ɗauko zan goge sai in tuna ranar da na sha kafin in samu abin da ke cikinsa, sai hannuna ya ƙi. Ta ina zan fara ragewa?

Ƙanin Kowa:
Wa alaikumus salam. Yaya 46 ai na sutanas ɗin dokta ne ma, wato kare kundin bincike gaban malamai, ya yi yawa. Allah ya ba da saʼa, bari manya su zo.

Anti Likita Njamena:
Ƙanwata kwantar da hankalinki, har yanzu akwai kwana shida. Kafin ki taɓa kwamfutar nan ki rufe ta tukuna. Ki amsa min tambaya ɗaya a nan cikin jimla ɗaya, da Hausa, kamar gwaggonki ce ta tambaye ki a tsakar gida: me kika gano?

ʼYar Marwa:
Anti a gonakin da na bi, waɗanda suka dasa da wuri ruwa na janyewa sun fi waɗanda suka makara samun kai mai nauyi, amma a karal mai zurfi bambancin bai kai na wurin da ƙasar ba ta riƙe ruwa ba.

Anti Likita Njamena:
Yauwa, to wannan shi ne jawabin naki gaba ɗaya. Duk diyafon da bai taimaka wa mai sauraro ya yarda da wannan jimlar ba, ba na ranar Laraba ba ne, na cikin memwar ne, wato kundin bincikenki. Ba gogewa za ki yi ba, ki yi kwafin fayil ɗin ki ajiye 46 ɗinki lafiya lau, sai ki buɗe sabo fari fes ki riƙa ɗauko wanda ya cancanta ɗaya bayan ɗaya, haka zuciya ta fi ɗauka. Ni lissafin da nake yi a tarukanmu na likitoci diyafo ɗaya minti ɗaya, mai zane kuma yakan ci biyu, don haka 12 zuwa 14 ya ishe ki. Abu na biyu kuma wanda ya fi komai sauya min aiki, ki daina sa take irin "Résultats 1", "Résultats 2" a sama. Ki rubuta abin da zanen yake faɗa, cikakkiyar jimla, misali dashen farko ya fi ba da amfani a ƙasa mara zurfi, sai zanen a ƙasa ya zama shi ne shaida. Wani malami a jamiʼar Penn State ta Amurka, Michael Alley, ya daɗe yana koyar da injiniyoyi da masana kimiyya wannan tsarin, magana a sama hujja a ƙasa. Amfaninsa ko hankalin mutum ya tafi kan wayarsa na minti ɗaya, da ya ɗago kai ya karanta layin saman ya dawo hanya.

Tsohon Malami Garwa:
Assalamu alaikum. Na karanta abin da Hajiya Likita ta rubuta, na yarda da rabi, rabi kuma ina da ja. Shekara da shekaru na zauna a kujerar juri, masu tantance aikin ɗalibai, kuma na san abin da ake jira daga bakin ɗalibi a ƙasar nan: matsalar da ta sa aka yi binciken, manufa, hasashe, hanyar aiki, sannan sakamako. Yarinya in ta tsallake waɗannan ta faɗa kan sakamako kai tsaye, wani dattijo a layin gaba zai ɗauka ba ta san su ba ne, kuma tambayarsa ta farko a nan za ta faɗo. Sannan wannan maganar ta a rage rubutu da ake ta yayi, ku tuna da wa ake magana. Yawancin waɗanda ke zauren Faransanci harshensu na uku ne ko na huɗu, bayan Fulatanci da Hausa ko Larabcin Shuwa ko Tupuri ko Mafa, lasifika kuma rabin lokaci tana ƙara, fanka tana kaɗawa a sama, wanda ke baya ba ya jin rabin abin da ake faɗa. Rubutun da ke bango shi ne abin da yake riƙewa. Kuma na sha ganin yara suna ɗaga waya suna ɗaukar hoton kowane diyafo don ba su da kuɗin sayen mujallun kimiyya, wannan hoton shi ne littafinsu. In hoton kan dawa kawai suka ɗauka me za su karanta a gida?

Anti Likita Njamena:
Baba maganarka gaskiya ce musamman ta masu ɗaukar hoto, ni ma na yi hakan. Amma ban ce ta cire hanyar aiki ba, cewa na yi ta matse. Abin da nake tsoro shi ne sakin layi guda a bango, don mutum ba ya iya karatu da sauraro lokaci ɗaya, in ya fara karantawa ya daina jin ta, kuma ido ya fi baki sauri, zai gama ya zauna yana jiranta. Masu son abin karantawa a gida sai ta yi musu PDF mai cikakken bayani ta tura a gurup ɗin WhatsApp na taron bayan an tashi.

Tsohon Malami Garwa:
In dai za ta tura ɗin to. Da yawa suna cewa za su tura, ba sa turawa. ʼYata ki riƙe wannan alkawarin.

ʼYar Marwa:
In sha Allah Baba zan tura. Gaskiya ku biyun kun taɓo inda abin yake, diyafo 11 na farko duk bayanin mene ne masakwa ne da abin da wasu suka rubuta, kuma dalilin da ya sa na cika rubutu tsoro ne, ina jin in na tsaya gaban mutane Faransancin zai gudu ya bar ni, in yana bango sai in karanta.

Yaya Injiniya:
Ƙanwata wannan tsoron yana da magani a cikin manhajar kanta. Ƙarƙashin kowane diyafo akwai wurin rubuta bayani wanda jamaʼa ba sa gani, in kika haɗa da furojekta kika kunna mode Présentateur ke za ki ga bayananki da agogo da diyafon da ke tafe a kwamfutarki, su kuma bango kawai suke gani. Sai dai kar ki dogara da shi ɗari bisa ɗari, wani lokaci kwamfutar masu taro ce a can gefe wani yaro ke danna miki, don haka ki rubuta kalma uku-uku a ƙaramar takarda ki riƙe. Jimlar farko da ta ƙarshe kuwa ki haddace su kamar karatun allo, da kin wuce minti ɗaya na farko bakin zai sake.

Kuma a Marwa za ki yi wa mutane bayanin mene ne masakwa har diyafo 11? Rabin zauren iyayensu na da karal. Hoto ɗaya ya isa saboda baƙi ʼyan kudu, ki ce dawa ce ta rani da ake dasawa bayan damina a baƙar ƙasa mai riƙe ruwa, ʼyan Cadi su ce berbere, shikenan ki wuce.

Game da maganar ɓoye abu mai muhimmanci cikin tarin rubutu, akwai misalin da ba na mantawa. Kumbon Columbia na Amurka da ya tarwatse ran 1 ga Fabrairu 2003 yana dawowa duniya, mutum 7 suka rasu. Lokacin tashi wani ɓallin soso ya bugi fiffiken hagu, injiniyoyi suka yi bincike kumbon na sama suka gabatar wa shugabanni da diyafo. Taken saman yana kwantar da hankali, amma a can ƙasa cikin ƙaramin rubutu aka sa cewa ɓallin da ya bugi kumbon ya ninka wanda aka yi gwaji da shi nesa ba kusa ba, in aka lissafa sau 640. Edward Tufte, masanin nuna bayanai a zane, ya warware wannan diyafon layi-layi, hukumar da ta binciki hatsarin ma ta sa abin a rahotonta. Ba diyafo ne ya fasa fiffike ba, amma maganar da ya kamata ta kasance a sama da manyan haruffa ita aka binne a ƙasa.

Ƙanin Kowa:
Innalillahi. Ban taɓa jin wannan ɓangaren ba.

Ɗan Dang:
Ni fa shawarata a bar PowerPoint gaba ɗaya a koma LaTeX, manhajar tsara rubutun kimiyya, da Beamer da ke yin diyafo a cikinta. Mu ʼyan lissafi da fizik a nan Gaundare shi muke amfani da shi, Till Tantau ne ya rubuta Beamer ɗin a 2003, kyauta ne, lissafi yana fitowa tsaf ba ya karkacewa, PDF yake ba ka kai tsaye wanda zai buɗu a kowace kwamfuta, kuma ba ya ba ka damar ɓata dare wajen zaɓen launi da kalmomi masu shigowa suna juyi. In akwai rezo, wato intanet, sai ka yi aikin a shafin Overleaf, in babu ka saka shi a kwamfuta sau ɗaya ka huta.

Yaya Injiniya:
Malam kwana shida ya rage mata. Beamer na da kyau ga mai lissafi a kowane shafi, ita kuwa hotuna ne da zane, kuma jera hotuna biyu gefe da gefe a can sai ta kwana tana neman inda ta manta alamar baka ɗaya a cikin umarnin da ake rubuta masa. Bayan haka na ga diyafon Beamer cike maƙil da rubutu ba iyaka, cutar ba a manhaja take ba.

Ɗan Dang:
Na yarda ba na wannan Larabar ba ne. Amma in za ta ci gaba zuwa dokta ta koya a hutu, zan taimaka. Wanda kuma ba shi da lasisin Office kar ya je ya saka na sata mai ɗauke da ƙwayar cuta, LibreOffice Impress kyauta ne kuma yana buɗe pptx, wato fayil ɗin PowerPoint, sai dai a duba don wani lokaci rubutu yakan ɗan gusa.

Mai Kwamfuta Kusuri:
Salam. Ni ba masanin kimiyya ba ne amma shagona ɗalibai ke cika shi lokacin sutanas, na nan da masu tsallako gada daga Njamena, kuma abin da ke sa su kuka ba ilimi ba ne, ƙananan abubuwa ne. Bari in zuba miki su yadda suka zo min.

Na farko ki je ki ga zauren da idonki kafin ranar, ki duba bayan furojektan. Tsofaffin da yawa VGA ne kawai, shuɗin kai mai ƙusa biyu, kwamfutocin yanzu kuma HDMI ne, wasu ma sai USB-C, in ba ki da adafta a jaka kin shiga uku don ranar taro kowa nasa yake nema. Sannan tun daga Office 2013 sabon fayil a 16:9 yake buɗewa, mai faɗi, tsohon furojekta kuma 4:3 ne, zai matse miki hoton ya bar baƙi sama da ƙasa rubutu ya ƙara ƙanƙancewa. In kin ga tsoho ne ki sauya girman tun yanzu a Création, Taille des diapositives, kar ki bari sai kin gama jerawa don komai zai watse.

Na biyu, ki fitar da PDF ki ajiye kusa da pptx ɗin, a kile, wato filashin USB, biyu daban, ki tura wa kanki a waya kuma. Akwai cutar nan da ke mai da fayiloli su zama rakursi, wato alamar fayil kawai ba ainihinsa ba, da an soka kile a kwamfutar da kowa ke sokawa, na ga yarinya ta zo min da safe ana saura awa ɗaya hawaye shaɓe-shaɓe, Allah ya sa fayilolin ɓoyewa kawai aka yi na fito mata da su, amma ba kullum ake dacewa ba. Kuma kar ki gyara fayil ɗin a waya da manhajar WPS a daren ƙarshe, a wayar zai yi kyau, a kwamfuta ki tarar take ya hau kan zane.

Na uku hotunan waya nauyi gare su, ashirin sun isa su sa tsohuwar kwamfuta ta riƙa tsayawa tsakanin diyafo da diyafo. Danna hoto ɗaya, Format de l'image, Compresser les images, ki ce a yi wa duka.

Na huɗu wannan ya shafe mu kai tsaye, haruffanmu masu lanƙwasa ɓ ɗ ƙ ƴ. In kin sa sunan ƙauye ko kalmar Fulatanci ko Hausa, wani salon rubutun ba shi da su, a kwamfutar wani sai su fito akwati-akwati ko harafin ya bambanta da ʼyan uwansa. Arial da Calibri na sababbin Windows suna da su, Charis da Andika na SIL da Noto na Google ma an yi su don irin wannan, amma in kin ɗauko wanda babu a kwamfutar masu taro sai kin je Options, Enregistrement, ki sa alama a Incorporer les polices. PDF dai ya fi kwanciyar hankali, shi yana tafiya da haruffansa.

ʼYar Marwa:
Allah ya saka da alheri Malam, wallahi ban taɓa duba bayan furojekta ba a rayuwata. Sunayen irin masakwar da Fulatanci na sa su, safraari da majeeri da burguuri, su ba matsala, amma sunayen wasu gonakin akwai ɗ da ɓ. Tambaya kuma, bangon diyafon nawa shuɗi ne mai duhu da farin rubutu, a kwamfutata yana da kyau sosai, in bar shi?

Anti Likita Njamena:
Aʼa ƙanwata sauya shi. Watan 3 muke, zafi ba zai bari a rufe tagogi ba, labule babu, ƙarfe goma na safe hasken zauren kamar waje, fitilar furojektan ta tsufa ga ƙurar hunturu ta kwanta a gilashin, kuma sau da yawa ba allo ba ne bango ne mai fenti ruwan ƙwai. Duhun nan naki toka-toka zai koma. Farin bango baƙin rubutu, harafi kar ya gaza 24, take 32 ko sama, har lambobin da ke gefen zane ki ƙara musu girma don Excel ƙanana yake fitar da su. Gwajin da nake yi, in sa diyafon a cikakken allo in ja baya taku shida daga kwamfutar, abin da ban iya karantawa ba na bayan zaure ma ba zai iya ba. Kuma kar ki bambanta dashen farko da na baya da ja da kore kawai, akwai mazan da ba sa rarrabe waɗannan launuka biyu, a Turai kusan 1 cikin 12 ne, a nan ma akwai su ko da ba su kai haka ba, ina ganinsu a asibiti. Shuɗi da ruwan lemo ya fi, ki rubuta sunan kowane a jikinsa maimakon ɗan akwatin bayani a gefe.

Yaya Injiniya:
Ƙari a kan zane. Na san akwai babban tebur a cikin 46 ɗin nan, layi ashirin ginshiƙi takwas, kowa na da shi. Kar ki haska shi ki ce kamar yadda kuke gani, ba wanda ke gani. Ki ciro lambobi huɗu ko shida da ke ɗauke da maganar ki yi zane da su, ki rubuta maʼauni a gefe, kilo a hekta ne ko giram a kai, ki sa adadin gonakin, ki bar ʼyan sandunan da ke nuna tazarar kuskure kuma ki faɗi ko mene ne su, sannan layin tsaye ya fara daga sifili in zanen ginshiƙai ne, in ba haka ba ƙaramin bambanci zai yi kama da dutse kuma mai ido a juri zai kama ki. Babban teburin ki kai shi bayan diyafon ƙarshe a matsayin ajiya. In aka tambaya, kina cikin nunawa ki buga lambarsa ki danna Entrée zai kai ki can kai tsaye ba sai kin bi ɗaya-ɗaya ana kallonki ba.

Jawabin da ya fi zama min a kai a kan Tafkin Cadi ne, wani bawan Allah ya sa hotunan tauraron ɗan adam biyu gefe da gefe, ya ce a 1963 tafkin ya kai kusan murabbaʼin kilomita 25,000, ga abin da farin shekarun 1970 da 1980 ya bari, sai ya yi shiru ya bar mu muna kallo. Daga baya ya kawo bayanin cewa ruwan yana ƙaruwa yana raguwa da shekaru ba wai tafiya ɗaya yake yi ba, amma hotunan nan biyu su suka sa kowa ya ajiye waya.

Tsohon Malami Garwa:
Wannan na yarda da shi ba ja. Zamaninmu farar leda muke rubutawa a kai da alƙalami mu ɗora a kan naʼura mai madubi, ledar tsada gare ta, sai ka yi tunani sau uku kafin ka ɓata ɗaya, shi ya sa ba mai zuwa da 46. Shi kansa PowerPoint ɗin da ya fito a 1987, Robert Gaskins da Dennis Austin suka yi shi, baƙi da fari ne kuma don buga irin waɗannan ledojin aka yi shi, a shekarar Microsoft ta saye kamfanin a kan dala miliyan 14. ʼYata abin da zan ƙara, wuta. Ki buga manyan zanenki uku a takarda, kwafi biyar ko shida don na layin gaba, ki kuma iya zana babban da alli cikin rabin minti. Na ga wuta ta ɗauke ana tsakiyar jawabi, kafin a tada janareta furojekta ya huce ya sake kamawa minti biyar ta tafi, yaron ya tsaya yana kallon bango, alhali aikin a kansa yake ya fi kowa saninsa. Ke kika taka karal ɗin nan, ba kwamfutar ba.

Sannan hotonki na gona. In kina da wanda ake dashe, mutum ya soka sandar nan mai tsinin ƙarfe ya huda rami, na bayansa ya tsiyaya ruwa, na uku ya sa tsiro biyu da aka datse wa ganye, ki sa shi ya cika allon, kar ki matse shi a kusurwa. Baƙin da suka zo daga Yawunde ba su taɓa ganin an shuka dawa bayan ruwa ya ɗauke ta kuma nuna ba tare da ɗigon sama ba.

ʼYar Marwa:
Baba ina da shi! Akwai ma wani da na ɗauka a watan 1, ƙasar ta tsage har na sa tafin hannuna ya shige a tsagar, ga masakwar a tsaye kore shar a gefensa. Da a ƙarshe na sa shi ƙarami tare da wasu biyar.

Tsohon Malami Garwa:
Da shi za ki buɗe.

Anti Likita Njamena:
Na goyi bayan Baba. Amma waɗanda fuskokinsu suka fito a hoton dashe ki tabbata sun yarda, mu a aikinmu ba ma haska majiyyaci sai da izininsa kuma a rufe abin da za a gane shi da shi, manomi ma haƙƙinsa ɗaya ne. Kuma in an gama duk wannan ki koma musu da sakamakon, su ba furojekta za ki kai ba, hotuna manya a takarda a gindin bishiya da Fulatanci ko Hausa, su suka ba ki gonakinsu.

Ɗan Dang:
Wani atisaye da zai taimake ki, gasar nan ta Ma thèse en 180 secondes, wato bayyana bincikenka cikin daƙiƙa 180, wadda aka fara a Kebek a 2012 bisa samfurin jamiʼar Queensland ta Ostareliya na 2008, minti uku da diyafo ɗaya tak mara motsi. Ki nemi bidiyonsu in kin samu rezo, ki gwada faɗin naki a minti uku, in ya shiga to 15 fili ne. Kuma kar kwalliya ta cinye miki lokaci, ran 4 ga Yuli 2012 da aka sanar da gano ƙwayar Higgs a CERN, cibiyar binciken fizik ta Turai, Fabiola Gianotti da Comic Sans ta rubuta diyafonta, salon da masu zane ke rainawa, mutane suka yi ta surutu a intanet amma sakamakon ne ya shiga tarihi, ita kuma daga baya ta shugabanci CERN ɗin.

Ƙanin Kowa:
Tambaya daga gefe, in taron akwai ʼyan Bamenda da Buya fa, diyafo da Faransanci ko Turanci? Mu namu wata mai zuwa haɗe ne.

Yaya Injiniya:
Abin da na ga yana aiki, ka yi magana da harshen da bakinka ya fi sakewa, take da rubutun jikin zane ka sa su da ɗayan. Kar ka rubuta komai sau biyu a diyafo ɗaya, cunkoson da muke gudu ne zai dawo.

Anti Likita Njamena:
Mu nan Faransanci da Larabci ne, wanda zai sa Larabci ya tuna ya juya akwatin rubutun dama zuwa hagu kuma lallai ya fitar da PDF, in ba haka ba lambobi da baka suna sauya wuri.

ʼYar Marwa:
Salam, na dawo. Kwana uku ina kai. Yanzu 14 ne: hoton tsagar ƙasa, tambayar binciken, taswirar gonakin, hanyar aiki a diyafo biyu da hoton dashe, sakamako biyar kowanne da jimlarsa a sama, iyakar aikin don damina ɗaya kawai na bi kuma gara in faɗa da bakina, sai kammalawa. Wannan 12 ke nan, malamina ya duba ya ce lallai in mai da diyafon tsarin jawabi da na hasashe, na mayar. Babban tebur da lissafin bambanci suna baya a 15 zuwa 18. Na gwada gaban ƙannena da maƙwabciyarmu sau huɗu, na ƙarshe minti 14 da ʼyan daƙiƙu, maƙwabciyar har ta tambaye ni ko shi ya sa mijinta ke rigimar neman ʼyan dashe tun ruwa bai gama janyewa ba.

Tsohon Malami Garwa:
Malaminki ya yi daidai. Madalla ʼyata.

Anti Likita Njamena:
Ni da na bar tsarin jawabi a baki, minti 15 ba ta buƙatar taswira, amma maganar malaminki ce gaba, ki wuce shi cikin daƙiƙa goma. Abu ɗaya, ban ga kin ambaci diyafon Merci ba, in akwai cire shi, ki yi godiyar da baki ki bar na kammalawa a bango lokacin tambayoyi don shi za a fi daɗewa ana kallo.

ʼYar Marwa:
Akwai shi Anti har da fure, na cire. Yau da yamma na je zauren mai gadi ya buɗe min, Malam na Kusuri ka yi gaskiya, VGA ne kawai kuma 4:3, na sauya girman na sake jera zane uku da suka gusa. Tawa kwamfutar HDMI ce, na zaga shago biyu a kasuwa ban samu adaftan ba sun ce sai wani satin.

Yaya Injiniya:
Ina da ɗaya a ofis. Gobe da asuba zan ba direban motar Marwa ta farko, zan turo miki lambarsa ta akwatin sirri, kafin azahar ya iso in hanya ta yi kyau. Ki wuce da shi zauren kai tsaye ki gwada da kwamfutarki, in hoto bai fito ba ki danna Windows da P ki zaɓi Étendre.

ʼYar Marwa:
To Yaya, Allah ya bar zumunci. Zan jira a tasha.